Waɗanne tsuntsaye matafiyi zai iya gani a daji waɗanda ba a samunsu ko'ina?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya ce aikinsa na yawan kai shi ƙasashe, kuma yana son sanin tsuntsayen da suka keɓanta da wuraren da ake samunsu, waɗanda zai iya gani a sake cikin daji ba a keji ko gidan namun daji ba, da kuma dabarar ganinsu.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayarka ta yi mini daɗi, don ba kowane matafiyi ne ke ɗaga kai ya dubi bishiya ba. Nau'o'in tsuntsayen duniya sun kai wajen 11,000, saboda haka jero su ba zai yiwu ba. Zan zaɓo maka waɗanda idan ka gan su ba za ka taɓa rikita su da wani ba, kuma zan gaya maka gaskiya a kan wanda za ka iya gani da wanda sai dai ka ji labarinsa. Abin da ke raba wanda ya gani da wanda ya dawo hannu rabbana ba ya wuce sanin abubuwa uku game da tsuntsun: inda yake zama, abin da yake ci, da lokacin da yake fitowa.

Kafin komai, ka iya bambance ɗan gida da baƙo. Shamuwa tana yin sheƙa a yankin Sahel a lokacin damina, ruwa na ɗaukewa ta gangara kudancin Afirka. Tsattsewar da ka gani a Ingila a watan Yuni tana iya zama ita ce a Afirka ta Kudu a watan Disamba. Balbela kuwa da kanta ta tsallaka tekun Atilantika, an fara ganinta a Kudancin Amurka wajen 1877, yanzu ta bazu kusan duk duniya. Ganin balbela a Burazil bai gaya maka komai game da Burazil ba. Abin da kake nema shi ne tsuntsun da idan ka bar yankinsa ka rabu da shi ke nan.

Bari in fara da wanda na fi so. Idan hanya ta kai ka Yuganda, kada ka bar ƙasar ba ka je Mabamba ba. Fadama ce a gefen tafkin Biktoriya, ba nisa da Entebbe inda filin jirgin sama yake, kuma tana cikin wuraren da aka fi samun sauƙin ganin shubil, tsuntsu mai bakin takalmi. Tsayinsa ya haura mita 1, wani yakan kai mita 1.4, launinsa toka-toka, bakinsa faffaɗa mai tsawon santimita 20 da ɗoriya, da ƙugiya a ƙarshe. Masunta ne za su ɗauke ka a kwalekwale da sassafe, su riƙa tura shi da gora ta 'yan lungunan ruwa tsakanin dogayen ciyayi. In an yi dace, za ka hango shi tsaye a kan ciyawar da ke yawo bisa ruwa, ya sunkuyar da baki a ƙirji, ko motsi ba ya yi. Wanda bai san shi ba zai ce gunki aka kafa. Dalilin tsayuwar kuwa gaiwa ce. Ruwan fadamar ba shi da isasshiyar iska, dole gaiwa ta riƙa leƙowa sama tana shaƙa, shi kuma ya san haka. Tana leƙowa zai faɗa mata da dukan jikinsa, fukafukai a buɗe, ya ɗago da ita haɗe da ciyawa da laka cike da baki, ya riƙa kaɗa kai har ciyawar ta zube kifin ya saura. Duk abin ba ya wuce ƙiftawa da bisimilla, bayan jiran da zai iya kai awa guda. Mai gaggawa ba ya ganin wannan. Ana samun shubil kuma a fadamun Sudd na Sudan ta Kudu da Bangweulu na Zambiya, amma duk duniya 'yan dubbai suka rage, kuma ko da ƙwai biyu ko uku aka saka, galibi ɗan tsako ɗaya ke rayuwa. Saboda haka idan mai kwalekwale ya ce nan za a tsaya, kada ka matsa masa ya ƙara kusa.

A buɗaɗɗun filayen ciyawa irin na Serengeti a Tanzaniya, Masai Mara a Kenya, ko Etosha a Namibiya, aiki ya fi sauƙi, don tsuntsayen manya ne kuma a ƙasa suke tafiya. Jimina ba ta bukatar gabatarwa: ita ce mafi girman tsuntsaye, namijin yakan kai mita 2.7, tana gudun kilomita 70 a awa, yatsu biyu kacal gare ta a kowace ƙafa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne jimina iri biyu ce. Ta Somaliya, wadda wuyan namijinta ke da shuɗi-shuɗi, an ware ta a matsayin nau'i mai zaman kansa a 2014, ana ganinta a Samburu ta Kenya. Mai jan wuya ta yankin Sahel kuwa ta kusa ƙarewa a yawancin wurarenta na da, sai a irin dajin Zakouma na Cadi. A irin waɗannan filaye za ka ga tsuntsun sakatare, mai kan mikiya da dogayen ƙafafu da baƙaƙen gashi a ƙeya, yana taku ɗaiɗai yana duban ƙasa. Da ƙafa yake kisa. An auna bugunsa an ga ƙarfinsa ya ninka nauyin jikinsa sau biyar, kuma cikin abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba ya sauke ya ɗauke. An fi saninsa da kashe maciji, amma mafi yawan abincinsa fara ce da ɓeraye da ƙadangaru. Gauraki masu tukku ruwan zinariya suna gefen fadamu, kuma irin na gabashin Afirka ne a jikin tutar Yuganda. Burtu ma yana nan, baƙi ƙirin, da dogon gashin ido, sau da yawa tun asuba za ka ji gurnaninsa daga nesa kafin ka gan shi.

Cikin kurmi da bishiyoyin bakin rafi, ka sa ido ga turako. Afirka kaɗai ake samun danginsa. Yana zaune ba ka ganinsa sosai, yana buɗe fiffike sai jan launi ya haska maka ido. Wannan ja daga wani sinadari ne mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda da wuya a same shi a jikin wani tsuntsu daban. Idan kuma ka ga cilakowa na kai da komo da abinci zuwa wata 'yar tsaga a jikin bishiya, ka tsaya ka kalla: macen ce a ciki, an toshe ƙofar kogon da laka da kashi, tana kwanci, namijin na ciyar da ita ta tsagar.

Akwai wasu biyu da nake ambata wa duk wanda ke son ya gane yadda tsuntsu ke manne wa wurinsa. Na farko wani ɗan ƙaramin hankaka ne fari-fari mai shuɗin fata kewaye da ido, a kudancin Habasha wajen garin Yabelo. A cikin yankinsa yana da yawa, har kusa da gidaje yake kiwo. Ka yi tafiyar 'yan kilomitoci ka fita daga yankin, bishiyoyin iri ɗaya, ciyawar iri ɗaya, amma ko ɗaya babu. Da aka bincika sai aka ga iyakarsa tana bin inda iska ta ɗan fi sanyi da bushewa ne. Na biyu shi ne fikatatis, tsuntsu mai sanƙon kai da ke gina sheƙar laka a jikin duwatsu cikin kurmi. Mai kai ruwan ɗorawa yana Gini da Saliyo har zuwa Gana, mai kai ja da shuɗi yana wajen Kamaru da Gabon da kudu maso gabashin Najeriya. Ganinsa sai an hau dutse da la'asar an zauna shiru kusa da sheƙunan, a jira ya dawo kwana yana tsalle daga dutse zuwa reshe.

Sai tsuntsu mai nuna zuma, wanda kamanninsa ba su da wani abin a zo a gani amma halinsa babu irinsa. Shi ke neman mutum, ya riƙa kuka yana tashi daga bishiya zuwa bishiya har ya kai shi ga amyar daji, mutum ya ɗebi zuma, shi ya ci kaki. A dajin Niassa na Mozambik, masu ɗibar zuma suna da wani kira na musamman da suke yi masa, kuma wani bincike na 2016 ya nuna yin kiran yana ninka damar samun zuma fiye da sau uku.

To amma idan abin mamaki kake nema tsantsa, tsibirai za ka nufa. Dalili shi ne tsuntsun da ya sauka a tsibirin da babu kyanwa, babu ɓera, babu dila, ba shi da abin gudu. A hankali, bisa dogon zamani, sai fiffike ya ragu, jiki ya yi nauyi, tsoro ya fita. Ranar da mutum ya iso da jirgin ruwa da dabbobinsa, ranar ce masifa ta sauka. Haka dodo na tsibirin Moris ya ƙare, ganin ƙarshe da aka fi yarda da shi a 1662 ne. Niyu Zilan ita ce babban misali: kafin zuwan mutane babu wata dabba mai shayarwa a doron ƙasarta sai jemagu.

A can ne kiwi yake, nau'i biyar. Girmansa kamar na kaza, gashinsa ya fi kama da na dabba, ba shi da jela, fiffikensa ɗan mitsitsi ne a ɓoye, kuma hancinsa a can ƙarshen dogon bakinsa yake, abin da ba a gani a sauran tsuntsaye. Ƙwan da macen ke sakawa yakan kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinta. Da dare yake fita, shi ya sa mutanen ƙasar da yawa ba su taɓa ganinsa a daji ba. Mai son ganinsa sai ya bi jagora da dare, da fitila mai jan haske don farin haske na firgita shi. Kunne ne ke fara aiki: kana tsaye cikin duhu sai ka ji takun ƙafa mai nauyi a kan busasshen ganye, ka ji ana hura hanci ana fyacewa, shi ne yake soka baki a ƙasa yana sansano tana, yana fyace ƙasar da ta shige masa. Namijin kukansa siriri ne mai hawa, na macen kuwa a shaƙe yake. Wuri mafi kyau shi ne tsibirin Rakiura da ke can kudu, inda wani lokaci har da rana suke fitowa. Abokan gabarsa karnuka ne da kuliyoyi da wata 'yar dabba mai kama da tunku da aka shigo da ita don ta rage zomaye, ta koma kan 'yan tsaki.

Kakapo kuwa, akun da ba ya tashi, mai kai kilo 4, ka cire shi daga lissafi. A 1995 guda 51 suka rage a duniya, yanzu sun haura 200, kuma kusan dukkansu suna wasu tsibirai da aka kakkaɓe ɓeraye daga cikinsu, inda ba a barin baƙi. Duk wanda ya yi maka alkawarin nuna maka shi a daji, kada ka ba shi kuɗinka. Wanda za ka gani ba wahala shi ne kiya, akun kan tsaunuka, kore-kore mai ruwan lemo a ƙarƙashin fiffike. A mashigar Arthur's Pass shi zai zo wurinka, ya hau motarka ya kama yagar robar gilashi. Kada ka ba shi abinci ko ya roƙa, don sabo da mutane da motoci na cikin abin da ke kashe su. Takahe ma, wanda aka ɗauka ya ƙare har aka sake gano shi a 1948, ana ganinsa a tsibirin Tiritiri Matangi kusa da Auckland.

A Ostireliya akwai wanda dole in ja maka kunne a kansa, wato kasowari na kurmin arewacin Queensland, wajen Daintree da Mission Beach, da kuma Niyu Gini. Baƙi ne, tsayinsa ya kusa na mutum, wuyansa shuɗi da ja, da wani tudun ƙaho a ka. Akaifar yatsansa na ciki takan kai santimita 12. Namijin ne ke kwanci a kan korayen ƙwai wajen kwana 50, shi ne kuma ke renon 'ya'yan har wata tara, saboda haka namiji mai 'ya'ya ba abin wasa ba ne. Idan kuka yi kiciɓis, kada ka juya baya ka ruga. Ka ja da baya sannu-sannu, ka sa bishiya ko jakarka tsakaninka da shi. Yawancin waɗanda ya taɓa kai wa hari, tsuntsun da aka saba ba abinci ne ya kai musu. A kudu maso gabas, a dajin Sherbrooke kusa da Melbourne, akwai gwanin kwaikwayo da ake kira lyrebird, wanda ke jero kukan tsuntsaye iri-iri ɗaya bayan ɗaya yana rawa a kan tudun da ya tara da ƙafarsa. Lokacinsa sanyin can ne, daga Yuni zuwa Agusta. Tsuntsayen aljanna na Niyu Gini, nau'i wajen 40, sun cancanci amsa tasu daban. A taƙaice dai, wanda ke jikin tutar Papuwa Niyu Gini ana ganin mazansa suna rawa a bishiya da asuba a dajin Varirata, kusa da Port Moresby.

Nahiyar Amurka ita ce ta fi kowace yawan nau'o'i, Kolombiya kaɗai tana da fiye da 1,900. Kolibiri, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen da ke tsayawa cak a iska gaban fure har su yi baya-baya, can kaɗai ake samunsu, nau'i fiye da 300. Mafi ƙanƙantar tsuntsu a duniya yana cikinsu, a Kyuba yake, nauyinsa wajen giram 2. Ketsal, mai koren baya da jan ciki da dogon gashi mai jan iska a bayansa, yana dazuzzukan tsaunuka masu hazo daga kudancin Meziko zuwa Panama. Gwatamala ta sa wa kuɗinta sunansa, amma a Kosta Rika ya fi sauƙin gani, a San Gerardo de Dota ko Monteverde. Dabarar ita ce kada ka nemi tsuntsun, ka tambayi jagora wace bishiyar fiyar daji ce ta nuna a makon, ka je gindinta kafin fitowar rana. A bakin kogunan Amazon akwai howatsin, mai tsayayyen tukku da shuɗiyar fuska. Ganye yake ci, kuma ganyen na ruɓewa ne a maƙoƙonsa kamar yadda ciyawa ke yi a tumbin saniya, shi ya sa yake wari, tashi ma da ƙyar yake yi. 'Ya'yansa suna da akaifu biyu a kowane fiffike. Idan abin tsoro ya zo sai su faɗa ruwa, ya wuce su kama reshe su hau su koma.

Kondo, babbar ungulun tsaunukan Andes mai faɗin fukafukai fiye da mita 3, ita ce ke koya wa mutum darajar lokaci. A kwazazzabon Colca na Peru akwai wurin tsayuwa da ake kira Cruz del Condor. Ka je da asuba, babu komai. Ka je da azahar, sun yi nisa. Tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, lokacin da rana ta ɗumama duwatsu iska mai ɗumi ta fara hawa, a nan ne suke tasowa daga ƙasan kwazazzabon su wuce daidai fuskarka. Nauyinsu bai bar su su riƙa kaɗa fiffike ba, iskar suke hawa. A wani bincike na 2020 an bi guda ɗaya da na'ura, ta yi fiye da awa 5 a sama, tafiyar kilomita 172, ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba.

Asiya zan ratsa ta da sauri. A Indiya da Siri Lanka ne asalin ɗawisu, kuma ganinsa ya tashi sama ya hau bishiya da magariba daban yake da ganinsa a lambu. A dazuzzukan Indiya da kudu maso gabashin Asiya kuma akwai jar kazar daji, wadda daga ita kajin gida na duk duniya suka samo asali.

Game da shiri, tabaron hangen nesa mai lamba 8x42 ya ishe ka, kuma ya fi kyamara amfani ga mai farawa. Ka sa tufafi marasa haske. Awa biyu na farkon safiya sun fi sauran yini duka. Manhajar eBird za ta nuna maka abin da aka gani a wuri a 'yan kwanakin nan, Merlin kuma na taimakawa wajen gane tsuntsu, sai dai bayananta sun fi cika a wasu ƙasashe fiye da wasu. Duk da haka babu manhajar da ta kai ɗan yankin da ya san bishiyar da tsuntsu ya kwana jiya. Ka ɗauki jagora daga mutanen wurin ka biya shi da kyau, don a wurare irin Mabamba kuɗin nan na cikin abin da ya sa masunta suka koma masu tsaron shubil. Abin da ba na so shi ne kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, musamman lokacin sheƙa. Namijin yana ɗauka wani namijin ne ya shigo masa, ya bar abinci da 'ya'ya ya zo neman faɗa da abin da babu shi, kuma a wurin da baƙi ke zuwa kullum, kullum haka zai yi ta yi. Wasu gandun daji sun hana yin hakan gaba ɗaya.

Idan kuma wani ya tare ka a hanya da tsuntsu a keji, ko ƙwai, ko kayan ado na gashin tsuntsu, ka wuce. Akwai yarjejeniyar duniya mai suna CITES, wadda ta fara aiki a 1975, da ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Aku mai launin toka da jar jela na kurmin Afirka, wanda kama shi don sayarwa ya kusa share shi daga Gana, an sa shi a sahun farko na yarjejeniyar a 2016, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Jami'an kwastan na iya ƙwace irin wannan kaya a filin jirgi, kuma a ƙasashe masu tsaurin doka kamar Ostireliya da Niyu Zilan, ko gashi ɗaya ka tsinta a ƙasa ka sa a jaka, dole ka bayyana shi kafin ka shiga.